Dajin Idon Yara a Ƙasar Kurfai: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A cikin cututtukan idon yara akwai wata da ba kasafai ake gamuwa da ita ba, har ma'aikacin lafiya kan iya yin shekaru masu yawa a ƙaramin asibitin karkara bai ga mai ita ba. Sunanta a likitance retinobilastoma, wato ciwon daji da ke tsirowa a cikin idon jariri ko ƙaramin yaro, kuma wani kaso mai yawa nata gadonsa ake yi. Yanar ido da hakiya da amodari gani suke ɗaukewa. Wannan kuwa, idan aka bar ta, rai take ɗaukewa. Duk da haka tana cikin nau'o'in dajin da suka fi jin magani in an tare su da wuri. A ƙasar Kurfai ta Nijar, daga Filingue zuwa Shikal da ƙauyukan da ke bakin Dallol Boso, abin da ke raba yaron da zai rayu da wanda ba zai rayu ba galibi shi ne yawan watannin da suka wuce tsakanin ranar da uwa ta fara ganin wani farin abu a idonsa da ranar da likitan ido ya duba shi.

Mece ce wannan cuta

Haske yana shiga ido ta ɗan baƙin ramin da ke tsakiyarsa, ya ratsa ciki, ya sauka a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe a bangon baya. Wannan tantani shi ake kira retina. Shi ke karɓar haske ya mayar da shi saƙo, sai jijiyar gani ta kai saƙon ƙwaƙwalwa. Tantanin yana ginuwa tun yaro yana ciki, yana kuma ci gaba da nuna a shekarunsa na farko. A wannan lokacin ƙananan ƙwayoyin da ake gina shi da su suna rarrabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su kai adadin da ake bukata, sannan su tsaya.

Cutar tana farawa ne idan wata ƙwaya ta kasa tsayawa. Sai ta ci gaba da hayayyafa, ta tara wani farin ƙari mai laushi a cikin ido. Wannan ne dalilin da ya sa cutar ta ƙananan yara ce: da zarar tantanin ya gama nuna, ƙwayoyinsa sun daina rarrabuwa, ƙofar ta rufe. Mafi yawan masu ita ana gano su kafin su cika shekara 3, kuma da wuya a same ta a yaron da ya wuce shekara 5 ko 6. Ba ta bambanta namiji da mace ba. A wajen yaro biyu cikin uku ido ɗaya take kamawa, a ɗayan kuma duka biyu.

Yawanta a duniya, a Nijar, da a Filingue

Ƙididdigar ƙasashen da ke rubuta kowane mai ciwon daji ta nuna cewa ana samun cutar a jariri 1 cikin kowane 15,000 zuwa 20,000 da aka haifa da rai. Wannan adadin kusan ɗaya yake a ko'ina, ko a Turai ko a Asiya ko a Afirka. A duniya baki ɗaya yana kaiwa yara kimanin 8,000 a shekara.

Tunda yawan cutar yana bin yawan haihuwa ne, ba yawan jama'a ba, nauyinta ya fi faɗawa ƙasashe irin Nijar. Ana haihuwar jarirai fiye da miliyan 1 a Nijar kowace shekara. In aka raba, za a samu yara tsakanin 50 zuwa 70 da za su kamu da cutar a shekara. Ostireliya, wadda yawan mutanenta bai yi nisa da na Nijar ba, tana haihuwar jarirai wajen 300,000 ne kacal, don haka masu cutar a can ba su wuce kashi ɗaya cikin uku na na Nijar ba. A Najeriya, inda haihuwa ta ninka ta Nijar sau shida ko bakwai, lissafin yana kaiwa ɗaruruwa.

Haka za a iya yi wa Filingue. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da 300,000 a gundumar, kuma tun daga lokacin sun ƙaru sosai. Gunduma mai wannan yawa tana samun haihuwa tsakanin 15,000 zuwa 20,000 a shekara. Ma'ana, kusan kowace shekara akwai gida ɗaya a wannan yanki da cutar za ta shiga. Yaro ɗaya a shekara ƙanƙanin adadi ne a takarda, kuma ƙanƙantarsa ita ce matsalar. Ungozoma ba ta taɓa gani ba, mai sayar da magani bai taɓa gani ba, ma'aikacin ƙaramin asibiti wataƙila a littafi kawai ya karanta. Kowa yana ba da shawara gwargwadon ciwon idon da ya saba gani, alhali wannan ba irinsa ba ne.

Akwai kuma tazara tsakanin yaran da lissafi ya ce za su kamu da waɗanda ke isa asibiti. Wani babban bincike ya tattara bayanan sababbin masu cutar na shekarar 2017 daga ƙasashe 153, ya samu yara 4,351, wato wajen rabin adadin da ake tsammani. Sakamakonsa, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki ana gano cutar yaro yana da kimanin wata 14, a ƙasashe matalauta kuwa sai ya kai wata 30. A ƙasashe masu arziki kusan duk yaran sun zo ƙarin yana cikin ido bai fita ba. A matalautan ƙasashe kusan rabinsu sun zo bayan ya riga ya fasa ido ya fita. Da aka bi diddigin yaran na shekara 3, sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna kashi 99.5 cikin 100 na raye a ƙasashe masu arziki, a matalauta kuwa kashi 57 ne. Cuta ɗaya ce, maganinta sananne ne, amma wannan ne bambancin.

Daga ina take fitowa

Kowace ƙwayar jikin ɗan Adam tana ɗauke da wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, jere biyu-biyu har gida 23, rabi daga uba rabi daga uwa. A kan waɗannan zarurruka ne ƙwayoyin gado suke, waɗanda ke tsara launin fata, tsawo, nau'in jini da sauran fasalin mutum. A kuromosom na 13 akwai wata ƙwayar gado mai suna RB1. Aikinta shi ne ta tsayar da ƙwayar jiki daga rarrabuwa idan lokacin tsayawa ya yi. Kowane mutum yana da guda biyu, ɗaya ta wajen uwa ɗaya ta wajen uba, kuma guda ɗaya lafiyayya ta isa ta riƙe aikin.

Lamarin kamar saniya ce da aka ɗaure a turke da igiya biyu. In ɗaya ta tsinke, ɗayar tana riƙe da ita. Sai duka biyun sun tsinke sannan za ta shiga gona. A yaron da aka haifa da igiyoyinsa biyu lafiya, sai an yi rashin sa'a sau biyu a ƙwaya ɗaya tak ta cikin ido kafin ƙari ya fito. Wannan abu ne mai wuyar aukuwa, shi ya sa yakan zo a ido ɗaya, ƙari ɗaya, kuma a ɗan makare, yaro yana shekara 2 ko fiye. Wannan shi ne nau'in da ba na gado ba, kuma shi ne kusan kashi 60 cikin 100.

Sauran kashi 40 kuwa, yaron yana zuwa duniya ne da igiya ɗaya a tsinke a kowace ƙwaya ta jikinsa. Tantanin ido yana da miliyoyin ƙwayoyi, don haka da wuya a ce ba a samu ko ɗaya da ta biyunta za ta tsinke ba. Shi ya sa a wannan nau'i cutar takan bayyana da wuri, sau da yawa kafin yaro ya cika shekara 1, takan kama ido biyu, kuma a kan samu ƙari fiye da ɗaya a ido guda. Wanda ya fara fayyace wannan shi ne wani likita ɗan Amurka, Alfred Knudson, a 1971, bayan ya yi nazarin bayanan marasa lafiya 48. A 1986 masu bincike a Boston suka gano ƙwayar RB1 ɗin kanta. Ita ce ta farko da aka gano cikin ƙwayoyin gado masu hana daji, kuma abin da aka koya daga idon waɗannan yara ya buɗe hanyar fahimtar dajin manya da dama.

Yadda gadonta yake tafiya

Tun kafin a san ƙwayoyin gado an lura cewa cutar tana bin jini. Wani likitan ido a Barazil, Hilário de Gouvêa, ya cire wa wani yaro ido saboda ita a 1872. Yaron ya rayu, ya girma, ya yi aure, sai 'ya'yansa mata biyu suka kamu da ita a ido biyu. Rahotonsa na 1886 yana cikin shaidu na farko cewa ana iya gadon ciwon daji.

Ƙa'idar ita ce, duk wanda ke ɗauke da lahanin a jikinsa, kowane ɗa da zai haifa yana da rabi da rabi: ko ya gaji lafiyayyar ƙwayar, ko mai lahanin. Cikin waɗanda suka gaji mai lahanin, kusan 9 cikin 10 za su kamu. Wannan lissafi sabo yake ga kowane ciki. Samun ɗa ɗaya mai cutar ba ya nufin na gaba ya tsira, haka kuma samun uku lafiyayyu ba ya ba da tabbaci a kan na huɗu. Duk yaron da cutar ta kama masa ido biyu, ana ɗaukarsa a matsayin mai nau'in gado. Cikin masu ido ɗaya ma, kimanin 15 cikin 100 suna ɗauke da shi ba a sani ba.

Abin da kan rikita mutane shi ne, mafi yawan yaran da ke da nau'in gado ba su da kowa a danginsu da ya taɓa yin cutar. Lahanin a kansu ya fara, ya auku ne a cikin ƙwan halitta ko a kwanakin farko na ciki. Iyayen lafiya lau, kakanni lafiya lau, amma shi yaron zai iya gadar wa nasa 'ya'yan. Waɗanda ke da tarihin cutar a gida ba su wuce 1 cikin 10 ba, kuma a matalautan ƙasashe ba su ma kai haka ba, saboda dalili mai ban tausayi: yawancin masu ita ba sa rayuwa har su kai ga haihuwa. Wannan na nufin yayin da magani ke inganta a Nijar, gidajen da cutar ke maimaituwa a cikinsu za su ƙaru, kuma dole a yi shirin bibiyarsu.

Auren zumunta da zargin uwa

A ƙasar Hausa, da zarar an ce cuta ta gado ce, hankali yakan tafi kan auren zumunta. A nan akwai bukatar a rarrabe. Wasu cututtukan gado ba sa bayyana sai yaro ya gaji lahani daga uwa da uba duka biyu. Sikila haka take. A fannin ido ma akwai irinsu: zabiyanci, wanda ke zuwa da raunin gani da rawar ido, hawan jinin ido na jarirai, wanda ke sa ido ya yi girma ya riƙa hawaye yaro yana gudun haske, da wasu nau'o'in dundumi na gado, inda gani ke raguwa daga dare har ya kai ga rana. Waɗannan kam sun fi yawa a inda 'yan uwa ke auren juna, domin dangi sun fi yiwuwar ɗaukar lahani iri ɗaya.

Dajin ido ba ya cikinsu. Lahani daga ɓangare ɗaya ya isa, don haka auren ɗan wa da 'yar ƙane bai ƙara haɗarinsa ba, auren bare ma bai rage shi ba.

Haka nan babu hujjar ɗora wa uwa laifi, abin da ke faruwa a gidaje da yawa. Ba wani abu ta ci tana da ciki ba, ba wurin da ta taka ba ne, ba nononta ba ne. Bincike ma ya nuna cewa sabon lahanin da ke aukuwa ba tare da tarihi ba ya fi fitowa ta ɓangaren uba, shi ma ba da saninsa ko laifinsa ba. Cutar ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, don haka babu dalilin raba masa kwano ko hana shi wasa da 'yan uwansa. Matar da ake zargi takan ɓoye abin da ta gani, kuma a wannan cuta ɓoyewar wata biyu babbar asara ce.

Alamomin da ake gani

Alama ta farko, wadda ta kai kusan kashi biyu cikin uku na yaran asibiti, ita ce farin ƙyalli a tsakiyar baƙin ido. Ba a fuskar ido yake ba, daga can ciki yake fitowa. Da farko ba ya tsayawa. Uwa takan gan shi da magariba ko cikin ɗaki, sa'ad da hasken tocila ya faɗa fuskar yaron ta gefe, ido ɗaya ya yi wal kamar na kyanwa a duhu. Yaron ya juya kai, abin ya ɓace. Ta gaya wa maigida, ya duba da rana tsaka, bai ga komai ba, sai a ce idonta ne. Yaron kuwa yana wasa, yana shan nono, ba zazzaɓi, ba kuka, domin a wannan mataki cutar ba ta da zafi ko kaɗan. Wayar hannu tana taimakawa a nan. In aka ɗauki hoton yaro da filasha a wuri mai ɗan duhu, lafiyayyun idanu sukan fito ja ko baƙi, su biyun iri ɗaya. In ɗaya ya riƙa fitowa fari ko rawaya a hotuna daban-daban, wajibi ne a kai shi a duba.

Ba kowane farin ido ne daji ba. Hakiya tabo ce a fuskar ido, takan biyo bayan ƙyanda ko rauni, kuma kullum tana nan a inda take. Yanar da ake haihuwar jariri da ita ma takan sa tsakiyar ido ta yi fari, kuma ita ma aikin gaggawa take bukata, in ba haka ba idon ba zai koyi gani ba. Rarrabe su aikin likitan ido ne, kuma a cikin kwanaki ya kamata a je, ba a jira bayan girbi ba.

Alama ta biyu ita ce harara-garke, ido ɗaya ya karkace ciki ko waje. Jariri ɗan wata biyu idonsa kan ɗan yi yawo lokaci-lokaci, wannan ba komai ba ne. Karkacewar da ta zauna, ko wadda ta fito bayan wata 4 zuwa 6, tana bukatar a leƙa cikin idon. Daga baya ne ja da kumburi da ciwo ke zuwa. In ido ya fara turowa waje, cutar ta riga ta yi nisa.

Abin da ke faruwa in an bar ta

Ƙarin yana cika ido, ya ɗaye tantanin daga bangonsa, gani ya tafi. Daga nan yana da hanyoyi biyu. Ko dai ya bi jijiyar gani ya shiga ƙwaƙwalwa, ko ya fasa bangon ido ya cika gurbinsa, ya shiga jini ya isa ɓargo da ƙashi. Yaron da ba a yi wa magani ba yakan rasu cikin shekara 1 zuwa 2, cikin wahala mai tsanani.

Babu maganin ɗigawa da ke isa inda ƙarin yake. Nonon uwa, ruwan ganye, kwalli, man shafawa na kemis, duk a fuskar ido suke tsayawa. Mafi haɗari shi ne a kai yaro wajen masu ture yana da allura, domin huda idon da ke da daji yana buɗe wa cutar hanyar fita. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti ba, ana iya haɗa su a rana ɗaya. Abin da ke cutarwa shi ne a ce sai an gama da ɗaya sannan a gwada ɗayan.

Yadda ake gano ta da maganinta

Likita yakan ɗiga maganin da ke buɗe tsakiyar ido, sannan ya leƙa ciki da fitila ta musamman. Don a ga ko'ina sosai, akan sa yaron barci da allura. Ana yin hoton eko na ido, wanda ke nuna ƙarin da ɗan allin da ke taruwa a cikinsa, in da hali kuma a yi hoton MRI don a ga jijiyar gani da ƙwaƙwalwa. Ba a yankar ƙarin don gwaji kamar yadda ake yi a sauran daji. Dole kuma a duba ido na biyu ko da yana kama da lafiyayye.

Likitoci suna bin tsari ne: rai tukuna, sannan ido, sannan gani. Ƙaramin ƙari ana iya ƙone shi da hasken leza ko a daskarar da shi da sanyi, a bar idon da ganinsa. Matsakaici akan fara rage shi da maganin daji na jijiya, wato kemo, galibi haɗin magunguna uku, vincristine da etoposide da carboplatin, zagaye shida, kowane bayan sati 3 ko 4. A manyan cibiyoyin duniya akan tura maganin kai tsaye ta jijiyar jinin da ke ciyar da ido.

In ƙarin ya cika ido, kuma idon ya riga ya daina gani, mafita ita ce a cire shi. Nan ne iyalai da yawa ke tsayawa. Uba ya ce sai ya shawarci nasa uban, kaka ta ce ba a taɓa yi a gidansu ba, a ɗauki yaron a koma gida, a dawo bayan wata huɗu ido ya turo waje. Tsoron abin fahimta ne, babu iyayen da za su ji wannan magana hankalinsu bai tashi ba. Sai dai idon da ake maganar cirewa ya riga ya mutu, kuma cire shi tun cutar tana ciki yana warkar da fiye da 9 cikin 10 na yaran. Ana sa ƙwallo a gurbin, bayan makonni a ɗora idon roba mai launin ɗayan, wanda ake sauyawa yayin da yaro ke girma. Mai ido ɗaya lafiyayye yana karatu, yana noma, yana kiwo, yana aure.

Daga Kurfai zuwa Yamai

Filingue tana da asibitin gunduma, ƙauyuka kuma suna da cibiyoyin lafiya da ƙananan ɗakunan shan magani. Aikinsu a wannan cuta shi ne su gane alamar su tura, domin maganin a Yamai yake, tafiyar kilomita kimanin 180 ta Bonkuku da Baleyara. A can ne ake da sassan ido na Babban Asibitin Ƙasa da asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde, da Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda ta fara aikin gashin daji a 2021. Sashen dajin yara na Yamai yana cikin ƙawancen GFAOP, ƙungiyar likitocin dajin yara ta Faransa da Afirka da aka kafa a 2000. A yankin kuma akwai cibiyar ido ta IOTA a Bamako, wadda ta daɗe tana horar da likitoci a kan wannan cuta, da asibitin ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma maganin daji watanni yake ɗauka, kuma kuɗin mota, abinci, masauki da gonar da aka bari duk a kan iyali suke. Rashin tsaron da ya addabi arewacin jihar Tilaberi, inda Filingue take, ya ƙara wa tafiya wuya, ya kuma raba wasu ƙauyuka da ma'aikatan lafiyarsu. Wannan ne ke sa wasu su fara kemo su yanke a tsakiya da zarar sun ga ƙarin ya ja baya, alhali rabin magani ba ya kashe daji. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na 2018 mai burin ganin aƙalla kashi 60 cikin 100 na yara masu daji suna rayuwa zuwa 2030, ta sa wannan cuta cikin guda shida da ta fi mayar da hankali a kansu, saboda ana iya gano ta da abu mai araha. Uwa tana kai jariri rigakafi a sati na 6, na 10, na 14, da wata na 9. In a kowane zuwa ma'aikaci zai haska idanun biyu na daƙiƙa kaɗan a ɗaki mai inuwa, ya kuma tambayi uwar ko ta taɓa ganin fari a ciki, da yawa daga cikin yaran za a tare su tun ido bai lalace ba.

Iyalin da cutar ta taɓa shiga

Warkewa ba ita ce ƙarshen bibiya ba. Sabon ƙari na iya fitowa a idon da ya rage, musamman a shekarun farko, don haka akan ci gaba da duba yaron a kai a kai har ya kai shekara 5 zuwa 7. Mai nau'in gado kuma yana da ƙarin haɗarin wasu daji a gaba, musamman na ƙashi a lokacin balaga, da na nama da na fata. Ciwon ƙafa ko kumburin da ya ƙi tafiya a jikinsa abin dubawa ne da wuri. Ya kamata ya nisanci taba, a kuma rage yi masa hotunan da ke amfani da haske mai ratsa jiki, irin na hoton ƙashi, sai in dole.

Ƙannensa da yayyensa ƙanana su ma a duba su, haka iyayen, domin wani lokaci akan samu tabon tsohon ƙari da ya tsaya da kansa a idon uba ko uwa ba su sani ba. In iyayen lafiya suke, haɗarin da ke kan ɗa na gaba kaɗan ne, 'yan ƙalilan cikin 100, amma ya ninka na sauran jama'a sau ɗaruruwa. Gwajin jini na ƙwayar RB1 yana iya tantance wanda ya gada da wanda bai gada ba. Inda babu shi, ana ɗaukar kowane jariri na gidan a matsayin mai haɗari har sai shekaru sun wanke shi.

Yaron da aka cire wa ido yana ɗan shekara ɗaya ba zai tuna dalili ba. Wasu iyayen sukan ce masa tsinke ne ya soke shi, don su sauƙaƙa masa. In ya girma ya kamata a gaya masa gaskiya, a kuma adana masa takardun asibitinsa, domin ranar da zai haihu za a bukace su. Jaririn wanda ya taɓa yin cutar ana so likitan ido ya duba shi a kwanakin farko, kafin suna in da hali, sannan kowane wata a farkon rayuwarsa, a riƙa ƙara tazara yayin da yake girma. Ƙarin da aka gano a wannan mataki bai fi ƙwayar gero ba, kuma galibi leza kaɗai ta isa, ba tare da an cire ido ba.